Giya da Ladabi a Filin Golf ɗin Faifai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin sababbin 'yan wasa a Amurka, Kanada da arewacin Turai, har da 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai can, abokan aiki suka ja su zuwa fili ranar Asabar. An fara da na share fage, sannan aka shiga masu zurfi.

Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya kawo maganar giya a cikinsa?

Tsarinsa irin na golf ne, sai dai babu sanda, babu ƙwallo. Faifan roba ake jifa daga kan wani ɗan dandamali, a bi shi inda ya faɗi a sake jifa, har ya shiga kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da ke kan turke. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Galibin filaye kwando 9 ne ko 18. Filin dindindin na farko an kafa shi ne a 1975 a gandun shaƙatawa na Oak Grove, kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya. Ed Headrick, wanda ya tsara filin, shi ne ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa, shi ne kuma ya kafa PDGA, ƙungiyar da ke tsara dokoki da gasannin wasan, a 1976. A yau Amurka ce kan gaba wajen yawan filaye, Finlan na biye da ita.

Wasa ne na tafiya a tsanake: kamar awa biyu cikin itatuwa tare da abokai, galibi kyauta, ba alƙalin wasa, ba mai tsaron ƙofa. A ƙasashen da giya ke cikin al'adar hutun ƙarshen mako, ba wuya gwangwani ya sami gurbi a jakar faifai, har ma akwai jakunkunan wasan da ake ɗinka su da aljihun sanyaya abin sha. Inda gizo ke saƙar shi ne, mafi yawan filayen nan a cikin gandun jama'a suke. Aro aka ba 'yan wasa, kuma duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

To, an yarda a sha a fili ko ba a yarda ba?

Mai ƙasar ne ke da ta cewa, ba ƙungiyar wasa ba. Idan filin na hukumar birni ne ko ta gunduma, dokar gandun ce ke aiki, kuma garuruwa da yawa a Amurka sun hana riƙe buɗaɗɗen gwangwani ko kwalbar giya a bainar jama'a. Gandayen jihar Fensilbaniya sun haramta giya. Na jihar Tekzas sun hana shan ta ko nuna ta a fili. Wasu biranen kuma sun yarda da giyar gwangwani amma sun hana kwalba. A ɗaya gefen, akwai filaye masu zaman kansu da ke sayar da ita da kansu. Kamfanin giya na Anderson Valley da ke Boonville a Kalifoniya fili gare shi a harabarsa. Filayen makarantu da na coci-coci, waɗanda su ma suna da yawa, ka ɗauka an hana tun kafin ka tambaya.

A Finlan dokar zaman lafiyar jama'a ta hana sha a wuraren taruwa na cikin gari, amma ta sassauta wa mai zaune a gandu, da sharaɗin kada shansa ya takura wa wasu. Sai kuma shekaru: 21 a duk faɗin Amurka, 18 a Finlan ga giya marar ƙarfi.

Ta yaya zan san dokar filin da zan je?

Ka tsaya ka karanta allon da ke bakin dandamalin farko. Kusan kowane fili yana da shi, da taswira da jerin abubuwan da aka hana. In ba ka ga komai a kai ba, duba shafin hukumar gandun, ko bayanin filin a UDisc, manhajar waya ta 'yan wasan, ko ka tambayi kulob ɗin da ke kula da wurin. Abin da bai kamata ka yi hujja da shi ba shi ne ganin wasu suna sha. Rashin mai gadi a wurin ba izini ba ne, kuma in tara ta zo, kanka za ta faɗa.

A gasa fa?

Nan babu wasa. A gasar da PDGA ta amince da ita, daga sanarwar minti biyu kafin fara wasa har zuwa lokacin da ɗan wasa ya miƙa katin makinsa, ba ya sha, ba a kuma ganin giya a hannunsa. Gasannin PDGA mataki-mataki ne, C na ƙasa da B, B na ƙasa da A. A gasa mai matakin B zuwa sama, hukuncin kora ce nan take, ko da dokar gandun ta halatta. A matakin C, shugaban gasa yana da damar yin gargaɗi maimakon kora, amma dama ce tasa, ba haƙƙinka ba. Yin tatul a harabar gasa, ko da bayan an tashi, shi ma laifi ne da ake hukuntawa.

Abu biyu ne mutane ke mantawa. Na farko, mai ɗaukar maka jaka a wuyanka yake: in ya buɗe gwangwani, kai za a hukunta. Na biyu, lig ɗin mako-mako na PDGA hukuncinsa daban ne, domin a can an bar wanda shekarunsa suka kai ya sha idan dokar gari da ta filin sun yarda. Ana sabunta littafin dokokin gasa akai-akai, don haka ka karanta na shekarar kafin ka biya kuɗin rajista.

Gwangwani ɗaya ko biyu ne kawai. Wane lahani za su yi?

Ka fara riƙe faifan nisa a hannunka ka shafa bakinsa. Nauyinsa yakan kai giram 170 zuwa 175, daidai da faifan da ake cafkewa a bakin teku, amma wannan ya fi ƙanƙanta, robarsa ta fi tauri, nauyin ya taru a baki, bakin kuma siriri ne mai kaifi. Ƙwararru suna sakin sa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa ɗaya. Jifa mafi nisa da aka rubuta, na David Wiggins ƙarami a 2016, ya kai mita 338. Ko ɗan koyo yana iya fasa wa mutum goshi ko ya karya masa haƙori daga nisan mita 50. Abin da kake shirin wurgawa ke nan a wurin da mata ke tura keken jarirai.

Giya kuwa ba ƙarfin hannu take fara taɓawa ba, hankali take fara taɓawa: wannan ɗan jinkirin da ke sa ka leƙa bayan itace kafin ka saki faifai. Bayan shi sai daidaiton ƙafa da lokacin sakin hannu, kuma a wannan wasa kuskuren ƙiftawar ido wajen saki yana kai faifai can gefe, nesa da inda ka nufa. Hanta tana buƙatar kamar awa ɗaya kafin ta sarrafa gwangwani ɗaya na mililita 355 mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari. Wanda ke buɗe sabo duk bayan kwando uku, kafin ya kai na 18 ya tara abin da jikinsa bai gama da rabinsa ba.

Ga kuma yanayi. Giya tana sa yawan fitsari, jiki ya rasa ruwa, kai kuwa kana hawa tudu cikin rana da jaka a baya. Da hunturu tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi.

Amma wasu na cewa tana kwantar musu da hankali, jifansu ya fi kyau.

Abin da suke ji gaskiya ne, fassarar da suka yi masa ce ba daidai ba. Fargabar tsayuwa gaban kwando ana kallon ka tana sa kafaɗa ta ƙage, giya kuma tana rage fargabar. Sai dai tana rage ta ne tare da lura, shi ya sa mai sha yakan tuna jifa biyun da suka shiga, ya manta biyar da suka daki itace. In kana shakka, katin maki na nan, ka kwatanta. Kuma duk wanda ya saba wa hannunsa da haka, ranar gasa zai tsaya ba tare da ita ba (duba amsar gasa a sama).

Ni ba na sha. Zan iya shiga cikinsu ba tare da na zama bare ba?

Ƙwarai kuwa. Mutane da yawa a fili ba sa sha: wani don addini, wani don lafiya, wani ya daina ne bayan doguwar wahala, wani kuma so yake ya ci wasa. In an miƙo maka, “na gode, ba na sha” ta wadatar. Ba sai ka kawo dalili ba, kuma a ƙasashen nan abin kunya ne a matsa wa wanda ya ce a'a. Ka zo da gorar ruwanka ko shayinka a filas. Haka nan ba dole ba ne ka saka kuɗi a karo-karon sayen ta, ko ka ɗauki jakar da take ciki. Ka faɗa tun farko cikin sakin fuska, magana ta ƙare.

Idan zama cikin masu sha ne gaba ɗaya ba ka so, lokaci za ka zaɓa. Da sassafe filin na masu son wasan ne tsantsa da dattawa. Yammacin Juma'a da Asabar ne gwangwani ya fi yawa. Gasa kuma, kamar yadda aka faɗa, ba giya a cikinta muddin ana wasa. Ra'ayina shi ne kada ka bar wasa mai kyau, mai arha, mai motsa jiki, saboda halin wasu tsiraru. Kai ma kada ka mai da fili wurin wa'azi ga wanda bai tambaye ka ba. Amma duk inda shan wani ya zama haɗari ga mutane, kana da bakin magana kamar kowa, kuma an yi bayanin yadda za ka yi a amsar abokin da ya bugu.

Mene ne ladubban da kowa ke sa ran na sani, ko da sha ko babu?

A dandamali, wanda ya fi kowa kyawun maki a kwandon baya shi ke fara jifa. Bayan kowa ya yi na farko, wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke da jifa, sauran su tsaya a bayansa. Kada ka wuce gaba don ɗokin ganin inda naka ya faɗi. Idan mutum ya ɗaga hannu zai yi jifa, a yi tsit, a daina motsi, musamman a gefen da idonsa ke kallo. In ya zo jefawa cikin kwando, ka kauce daga bayan kwandon. Ka cire faifanka daga kwando kafin na gaba ya jefa nasa.

Akwai kuma wanda sababbi ke rainawa: kallon jifan abokin wasa. Ido huɗu ko shida ne ke gane gindin itacen da faifai ya shige. A gasa minti 3 kacal ake ba rukuni su nemi faifan da ya ɓata, kuma taya nema wajibi ne. Daƙiƙoƙi ƙidayayyu ake ba mutum ya yi jifa in layinsa ya zo kuma gaba ba kowa. Wanda ya karya dokar ladabi, kamar zagi, shurin jaka ko dukan kwando, gargaɗi ne a karon farko, daga nan kowane karo a ƙara masa jifa ɗaya a maki. Ka lura, kusan duk waɗannan su ne abubuwan da ke fara zubewa in an sha: murya ta ɗaga, layi ya rikice, kowa ya manta inda faifan wani ya nufa.

Wani yana tafiya a tsakiyar hanyar jifa. In jira, ko in yi masa magana?

Ka jira. Mai tafiya a ƙasa shi ke da hanya, ko ya san da wasan ko bai sani ba. Yawancinsu ba su sani ba: sun ga ciyawa mai kyau ne sun shimfiɗa bargo kusa da kwando. In ya ƙi tashi, ka taka ka je ka gaishe shi, ka nuna masa faifan da inda ake jifa. In bai gamsu ba, ka tsallake wannan kwandon. Kada ka taɓa cewa “ai zan wuce ta samansa”.

Idan faifai ya riga ya fita daga hannunka ya nufi mutane, ka ƙwala “Fore!”, kalmar gargaɗin 'yan golf, da iyakar muryarka. Wanda ya ji kuma kada ya ɗaga kai neman faifai, ya sunkuya ya rufe kansa da hannu. A kwandon da ba a hango shi daga dandamali, a tura mutum ɗaya gaba ya duba.

Mu takwas ne, muna tafiya a hankali. Laifi ne?

Jinkiri ba laifi ba ne, tare hanya ne laifi. Rukuni na mutum huɗu ko biyar shi ne daidai. In kun fi haka ku rabu biyu. Duk lokacin da kuka waiga kuka ga wasu na jira, gaba kuma babu kowa, ku tsaya a dandamali na gaba ku ce su wuce. Mai wasa shi kaɗai zai wuce ku cikin minti biyu. Ku kuma da aka ba hanya, ku yi godiya, ku yi jifa ɗaya ɗaya ku tafi.

Ina zan kai gwangwani in babu kwandon shara?

Jakarka. Da ya cika ka ɗauko shi, da ya zama fanko ya fi sauƙin ɗauka. Filaye da yawa da gangan ba su ajiye abin zuba shara ba, domin babu mai kwashewa sai 'yan sa kai na kulob, mutanen da ke fitowa ranar hutunsu da injin yankan ciyawa da buhu. Kada ka rataye gwangwani a reshe, kada ka cusa shi a kogon itace, kada ka jera shi a kan benci da sunan wani zai ɗauka. Kwalba kuwa kada ta shigo fili sam: in ta fashe a ciyawa, ɗan wasa ne zai sa hannu ɗaukar faifai, ko kare ya taka. Guntun sigari ma shara ne, dokar PDGA ta ɗauke shi a haka, kuma da rani a busassun wurare irin Kalifoniya yana iya tayar da gobarar daji.

Sigari, wiwi da kiɗa fa?

Dokar ladabi ta ce kada hayaƙinka ya dami wani, don haka ka tambaya, ka koma inda iska ba za ta kai musu ba. A manyan gasanni na PDGA da na yara an hana taba lokacin wasa, har da ta lantarki. Wiwi ba ya shiga gasa ko a jihar da ta halatta shi. Kiɗa kuma, in rukunin da ke kwandon gaba suna jin sa, ya yi yawa.

Abokin wasanmu ya bugu, yana ihu, yana jifa ba ya duba gaba. Yaya zan yi?

Kada ka jira sai ya ji wa wani ciwo, kada kuma ka tozarta shi a gaban jama'a, domin mai maye in ya ji kunya rigima yake nema. Ka ja shi gefe, ka ba shi ruwa, ka yi maganar jifa maimakon maganar hali: “akwai yara a can, mu dakata”. In bai daidaita ba, ku ce masa ya ajiye faifai ya raka ku da ƙafa, ko ku tattara ku tashi gaba ɗaya. Kwando shida da suka rage ba su kai idon wani ba. Ya fi kyau wanda ya fi kusa da shi ya yi maganar, sauran su mara masa baya, kada a bar mutum ɗaya da nauyin.

Idan baƙi ne ba ku san su ba, kada ka shiga cacar baki da rukunin da suka sha. Ka tsallake su da kwando biyu, ka sanar da kulob ko hukumar gandun. A lig ko gasa, shugaban taron ake gaya wa, aikinsa ne. Idan kuwa mutum ya faɗi ba ya farkawa, ko yana amai a kwance, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ka kwantar da shi a gefensa ka kira 911 a Amurka da Kanada, ko 112 a Turai, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Bayan an tashi, wa zai tuƙa?

A yanke wannan kafin jifan farko, ba a wurin ajiye motoci ba. Iyakar giya a jinin direba a Amurka 0.08 ce cikin ɗari, ban da jihar Yuta da ta mai da ita 0.05 a ƙarshen 2018. A Finlan 0.05 ce, a Suwidin da Norwe 0.02, wanda gwangwani ɗaya ma yana iya kai mutum. Kofi, wanke fuska da zufar tafiya ba sa fitar da giya daga jini, lokaci ne kawai ke fitar da ita. Ga wanda ke zaune da bizar karatu ko ta aiki, kamun tuƙi cikin maye yana iya taɓa takardun zamansa. Kai da ba ka sha, kada ka shiga motar wanda ya sha don kara. Ka karɓi makullin, ko ka nemi wata motar.

Da gaske ana iya cire fili saboda halin 'yan wasa?

Ana iyawa. Kwanduna a kan turke suke, kwance su aikin yini ɗaya ne. Hukumar gandu ba ta ganin ɗaruruwan da suka yi wasa lafiya suka tafi. Abin da ke isa teburinta shi ne koken maƙwabcin da aka yi fitsari a jikin shingensa, da uwar da 'yarta ta ji ashar, da hoton gwangwanaye a gindin benci. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kuma in wani gari ya nemi a gina sabon fili, irin waɗannan koke-koken ne masu adawa ke kawowa zaman majalisar birni.

Saboda haka ne tsofaffin 'yan wasa ke tsananta wa abin da sabon zuwa ke gani ƙarami: karya reshe don buɗe hanyar jifa, rubutu a jikin allo, tsallaka katangar gidan mutane neman faifai. In naka ya faɗa gidan wani, ƙofa za ka ƙwanƙwasa ka yi sallama.

Na tsinci faifai a daji. Nawa ne?

A'a. Juya shi, galibi za ka ga suna da lambar waya a ciki da alƙalamin da ba ya gogewa. Ka aika saƙo, ko ka jefa shi a akwatin kayan tsintuwa in filin yana da shi, ko ka kai shagon faifai mafi kusa. Kafin ka ɗauka ma, ka duba ko na wani ne da ke kwandon maƙwabta wanda bai ƙaraso ba tukuna. Naka kuma ka rubuta musu suna da lamba tun ranar da ka saya. A gasa dole ne kowane faifai ya kasance da alamar mai shi.